Matatar gansakuka ta haɗin gida don tankin kifin ruwan gishiri: tambayoyi da amsoshi daga Gombe

Tankina na kifin teku lita 200 ne, yana falon gidanmu a Tumfure. Kifi huɗu ne a ciki, da 'yan katantanwa, da murjani mai laushi kaɗan, wato halittar teku mai rai da ke kama da shuka. Baƙo in ya gama kallon kifin yakan sunkuya, ya hango jan haske a ƙarƙashin tebur da wata raga da ta yi kore shar, sai ya ce, "Malam, wannan dattin fa?" Daga nan tambayoyi ke ɓarkewa. Ga waɗanda aka fi yi mini, har da na 'yan'uwa daga Bauchi masu son haɗa tasu.

Wai mece ce matatar gansakuka?

Gona ce. Kifi na ci, yana kashi, yana sakin amoniya cikin ruwa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin duwatsu da yashi su mayar da amoniyar naitirait, daga nan su mayar da ita naitiret. Ragowar abinci kuma na tara fosfet. Manomi ya san waɗannan abubuwa, su ne N da P ɗin da ke rubuce a jikin buhun takin zamani. Ke nan ruwan tankinka narkakken taki ne, kuma duk inda taki ya haɗu da haske sai wani abu ya tsiro. In ba ka ware masa wuri ba, zai fito a gilashi, ya lulluɓe duwatsu, ya shaƙe murjani.

Matatar ita ce wurin da ka ware: raga mai kaushi, ruwan tanki na gudu a kanta, fitila mai ƙarfi na haska ta. Tunda an tara wa gansakuka duk abin da take so a nan, sai ta yi yabanya, ta cinye takin kafin 'yar'uwarta ta cikin tanki ta samu. Duk mako ɗaya ko biyu ka kankare ka zubar. Abin da ka zubar ɗin nan shi ne dattin da ya bar ruwan. In ba girbi, ba tacewa.

Tana da asali, ko dabarar 'yan intanet ce?

Tana da asali. Wani masanin halittun teku a cibiyar Smithsonian da ke birnin Washington na Amurka, Dakta Walter Adey, shi ya ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970, ya yi mata rajistar mallaka a 1982. Ya lura cewa a kan duwatsun murjani na tekun Karibiyan akwai wata gajeriyar gansakuka mai saurin tsiro, kifaye na kiwonta kullum, tana sake tohowa, tana zuƙe takin da ke ruwa. Sai ya kwaikwayi wannan a kan raga, hannun mutum ya maye gurbin bakin kifi. Babban gidan kifin birnin Townsville na Ostireliya, wanda aka buɗe a 1987 da tankin murjani mai lita miliyan 2.5, da irin wannan matata ya fara aiki, kafin daga baya su koma wasu hanyoyin tacewa. Masu kiwo na gida suka rage mata girma, suka mayar da ita abin da za a haɗa da bututun roba da zarto.

Iri nawa ce, kuma wacce ta dace da mu?

Biyu aka fi haɗawa a gida. Akwai mai kwararo: bututu a kwance, an tsaga shi ta ƙasa, raga na reto daga tsagar, ruwa na gangarowa ta fuskokinta biyu yana zuba cikin tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur. Akwai kuma mai kumfa: ragar a nutse take cikin ruwa, injin iska na hura kumfa daga ƙasa, kumfar na gogar ragar tana hawa.

Mai kwararo ta fi ƙarfi, ta fi kawo kauri, kuma da ita na fara. Amma wanda ke Gombe ko Bauchi, ba shi da batir da zai riƙe masa famfo dare da rana, shawarata ya haɗa mai kumfa. Ga dalili. Wata rana da hunturu na tafi ɗaurin aure Kumo tun safe, aka ɗauke wuta bayan fitata. Na dawo bayan la'asar na tarar da ragar ta bushe ƙamas kamar kilishi. Ban ankara na cire ta ba, wuta ta dawo cikin dare, ruwa ya bi ta kan mushen gansakukar ya kwashe shi zuwa cikin tanki. Kafin kwana biyu ruwa ya yi gurɓi, ya fara ƙarni, kifi ɗaya ya mutu. Kifin da aka ɗauko daga Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, ya jure hanya, ya zo ya mutu a kan abin da zan iya hanawa. Har yau yana damuna.

Mai kumfa ba ta bushewa, don a ruwa take. Injin iskarta wat biyu zuwa biyar yake ci, wasu ma da batir a cikinsu, kuma kumfar da ke ciyar da gansakuka ita ce ke ba kifi iskar shaƙa ranar da komai ya tsaya. Yanzu ina da duka biyun, amma in aka ce in rabu da ɗaya, da mai kwararo zan rabu.

Waɗanne kaya zan nema, kuma ana samunsu a nan?

Yawancinsu suna wurin masu kayan famfo da masu kayan wuta a kasuwa: bututun PVC mai inci uku bisa huɗu ko inci ɗaya, gwiwa, murfin toshe baki, bawul na roba, mahaɗi mai warwarewa don ka iya cire bututun ka wanke, da igiyoyin roba masu maƙalewa da masu wayarin ke ɗaure waya da su. Ƙaramin famfo mai nutso da injin iska kuwa sai dai wurin masu kayan kifin ado, galibi saƙo ake yi daga Kano, Abuja ko Legas.

Ragar ce ke buƙatar nutsuwa. Wadda ta fi ita ce ragar roba mai tauri, mai ƙananan ramuka murabba'i, irin wadda mata masu saƙar jaka da zaren ulu ke amfani da ita. Ka tambaya a shagon kayan saƙa. In ba ta samu ba, sabon kwandon roba mai ƙananan ramuka zai yi, ka yanko shafaffen gefensa.

Ka guji ragar taga ta ƙarfe, ruwan gishiri zai cinye ta. Ka guji duk wani mahaɗi na tagulla ko jan ƙarfe, domin jan ƙarfe ko ɗan kaɗan ne yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande. Sai babban cikinsu: gidan sauron da ake rabawa a asibiti. Kowa na da tsoho a ɗaki, kuma a ido raga ce kyakkyawa. An jiƙa zarensa da maganin ƙwari mai kashe kifi nan take, wanki kuma ba ya fitar da shi duka. Don Allah kada ya kusanci tankinka. Gam ɗin silikon ma ka duba, kada ka ɗauki na banɗaki mai maganin hana fumfuna.

To yaya ake haɗa ta?

Ka fara da ƙazanta ragar, don gansakuka ba ta kama santsi. Ka goga ta da haƙoran zarto gaba da baya, fuska biyu, har ta yi gashi-gashi tana sukar hannu kamar ƙarangiya. Sanfefa ba ta isa ba. Amma ka bar santimita biyu na sama sumul, wurin da zai shiga tsaga, don kada tsiro ya toshe hanyar ruwa.

Ka tsaga bututun ta tsawonsa daidai faɗin ragar, tsagar ta kai kamar milimita 3, ta miƙe sak. Nan ne aikin ke lalacewa: in tsagar ta karkace ko wani wuri ya fi faɗi, ruwa zai taru a gefe ɗaya, ɗayan ya bushe. Ka ja layi biyu da biro tukuna, ka bi a hankali. Ka zura ragar, ka ɗaure da igiyoyin roba sako-sako, ka toshe ƙarshen bututun, ɗaya ƙarshen ka haɗa da famfo. Gindin ragar ya taɓa ruwan tankin ƙasa, in ba haka ba ƙarar zuba za ta hana mutanen gida barci, feshin gishiri kuma ya yi wa katako fari.

Masu wannan kiwo sun fi amfani da ƙiyasin lita 50 a awa ga kowace santimita ta faɗin raga. Tawa santimita 15 ce, ke nan lita 750 a awa. Kada ka yarda da lambar jikin kwalin famfo, ƙarfinsa na raguwa in yana tura ruwa sama. Ka tara bokiti mai lita 10 a ƙarƙashin ragar ka duba agogo. A tawa, daƙiƙa 48 ya kamata ya cika.

Mai kumfa ta fi sauƙi. Baƙar robar abinci mara murfi, ka huda ramuka a samanta da ƙasanta, ka manna raga mai kaushi a cikinta, ka shimfiɗa siririn tiyon iska mai 'yan huji a ƙasa. Ka kifa bakinta a jikin gilashi daga ciki, ka riƙe ta da robobin mannewa, fitila kuma ta haska daga waje ta cikin gilashin. Fitilar ba ta taɓa ruwa ko kaɗan, wanda shi ma babban kwanciyar hankali ne.

Wane girma zan yanka?

Da abincin da kake zubawa ake aunawa, ba da girman tanki ba, tunda daga abinci takin ke fitowa. Ƙiyasin da ya yaɗu shi ne raga mai santimita 7.5 da 10, mai haske ta fuska biyu, ga kowane ƙaramin ƙullin daskararren abincin kifi a rana. In fuska ɗaya ake haskawa, kamar mai kumfa, ka ninka. Kifi uku ko huɗu ƙanana ba su buƙatar fiye da tafin hannu biyu. Raga mai girma fiye da kima ba ta kawo kauri, sai ɗan fatsi-fatsi a ko'ina.

Wace fitila? Ga rana kyauta, me zai hana in kai ta tsakar gida?

Gansakuka ta fi son jan haske. In ka samu fitilar LED ta shuka, mai ja na nanomita 660, ita ce gaba. In babu, ƙwan LED na gida mai hasken ruwan ɗorawa, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, yana aiki. Ka bar mai fari fat ɗin nan. Ka sa ɗaya kowane gefe, tazarar kamar santimita 10, ka kare shi da roba mai garai-garai. Sabuwar raga ka fara ta da awa 12 a rana, in ta kankama ka kai 16 zuwa 18. Dole ta samu duhu na aƙalla awa 6.

An fi kunna ta da dare, lokacin da fitilar babban tanki ke kashe. Gansakuka in tana cikin haske tana zuƙe iskar kabon tana sakin iskar shaƙa, wannan ke hana pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, faɗuwa da asuba. Ruwan teku a wajen 8.1 zuwa 8.3 ake son sa. Sai dai mai sola ya yi lissafinsa: hasken dare daga batir yake fita. In batirinka ƙarami ne, kunna ta da rana, ka bar wa famfo batirin. Gudun ruwa ya fi wannan ɗan bambancin muhimmanci.

Rana kuwa, manyan matatun da ake tace ruwan kogi da su a Amurka da ita suke aiki. Amma ranar Gombe a watan Afrilu za ta dafa lita 200 kafin azahar, ga ƙura, ga kashin tsuntsu.

Maganar wuta da ruwan gishiri ba ta wasa ba ce. Soket ya kasance sama da tanki, kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ɗigo ya sauka a ƙasa. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka na'urar katse wuta in ta zurare, mai miliamfiya 30. Musamman gidan da ke da yara.

In ɗebo irin gansakuka daga madatsar ruwan Dadin Kowa?

A'a. Ta ruwan daɗi ce, a ruwan gishiri mutuwa za ta yi ta ruɓe. Irin na zuwa da kansa a jikin duwatsu da katantanwa. In akwai koren gashi a dutsen tankinka, tsinko kaɗan ka murje a jikin ragar.

Kawu, tawa ta yi mako uku, ba kore sai wani yauƙi ruwan ƙasa. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, ɗana, haka take farawa. Mai launin ruwan ƙasa ne ke riga fitowa, kore ya biyo baya, wani lokaci sai an yi wata ɗaya ko biyu. Ka ɗauraye yauƙin da yatsa duk mako, kada ka sa buroshi.

In ta kankama, launinta zai riƙa ba ka labari. Kore mai gashi, mai kauri kamar jiƙaƙƙen zare, shi ake nema. Baƙi mai maiƙo na nufin taki ya yi yawa, haske ya yi kaɗan. Ka riƙa kankarewa duk kwana uku ko huɗu, domin baƙin na tare haske daga saiwar ƙasa, ka kuma ƙara awannin fitila. Rawaya mai kamar roba alama ce ta haske ya fi ƙarfin abinci, sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne ko ruwa ba ya gudu sosai. In kuma tsakiyar ragar ta yi sanƙo daidai saitin fitila, gefe na tsiro, ja fitilar baya.

Yaushe ake girbi, kuma yaya?

Tsakanin kwana 7 da 14. Ni duk Asabar bayan sallar asuba nake yi, don in ba a ɗaure shi da rana ɗaya ba, mantuwa ake yi. Kashe famfo, ciro ragar, kai ta waje. Kada ka kankare a kan tanki, ruwan da ke tsiyaya daga cikinta na sa ruwa ya yi rawaya. Ka sa tsohon katin ATM ka kwashe, ka bar abin da ya maƙale a ramuka, shi ne irin gaba. Ɗauraya da ruwan daɗi na ɗan lokaci, ka goge tsagar bututu da buroshin haƙori, ka mayar kafin ta bushe.

Mai barin ta ta yi wata don ya ga ta cika, yana cutar kansa. In ta yi kauri da yawa, ta ƙasa ba ta samun haske, ta mutu, ta saki, ta mayar da takin da ta ci.

In aka ɗauke wuta fa, me zan yi?

In mai kwararo ce, ciro ragar ka nutsar da ita a tankin ƙasa. Ka koya wa uwargida ko babban yaro wannan, aikin minti ɗaya ne. In ka tarar ta riga ta bushe, kashe famfonta kafin wuta ta dawo, ka kankare tas, ka sake farawa.

Ga lissafi ga mai son batir. Famfo mai wat 20 na cin wat-awa 480 a kwana. Fitilu biyu masu wat 10 na awa 16 kuma 320. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 na ɗauke da 1,200 a rubuce, amma irin na dalma rabi ake ja in ana son ya daɗe. Ke nan zai riƙe famfo kaɗai kusan kwana ɗaya in an cire asarar inbata. Gansakuka na jure duhun kwana ɗaya ko biyu, bushewa ce ba ta jurewa.

Zafin bazara da hunturu ba sa hana ta aiki?

Kifin murjani na son digiri 24 zuwa 27, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi kan kai 40. A nan mai kwararo ke da rana: ruwan da ke shimfiɗe a raga yana tashi a iska, yana sanyaya saura, kamar yadda randa ke yi. Ƙaramar fanka a saitinta na ƙara saukar da zafin. Da hunturu kuma abin ya juye, ta riƙa ƙara wa tanki sanyi da asuba, ruwa na ƙafewa da sauri, ƙura na sauka. Lokacin nan ka rufe ta cikin akwatin roba.

Ruwa ne ke ƙafewa, gishiri yana nan. Don haka da ruwan daɗi ake cikawa, kullum, kaɗan-kaɗan. Ka ja layi a jikin tankin ƙasa, ka kuma mallaki ma'aunin gishiri, 1.025 ake nema, wato kusan giram 35 a kowace lita.

Gishirin girki da ruwan burtsatse za su yi?

Ba za su yi ba. Ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ba ne, akwai maganiziyam, kalsiyam, fotasiyam, salfet da sauransu, kowanne da gwargwadonsa. Haɗaɗɗen gishirin tankin teku ake saye, kuma shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa a wannan kiwo. Manda da balma da kanwa duk ba su shigo ba. Ruwan burtsatse ko na 'yan garuwa na iya zuwa da naitiret ɗinsa, ka ga kana ƙara wa matata aiki da hannunka. Na famfo kuma akwai kulorin. Ruwan da aka tace da na'urar RO, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, ya fi. Wasu masu ruwan leda da ita suke aiki, kana iya zuwa da jarkarka, amma ka gwada ruwan da ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a cikinsa, kafin ka yarda.

In na haɗa ta, na huta da canjin ruwa ke nan?

Ka rage, ba ka huta ba. Ba ta mayar da kalsiyam da murjani ke ci, ita kanta ma tana cinye ƙarfe da wasu ƙananan sinadarai. Ni kashi 10 cikin 100 nake canzawa duk mako biyu. Ka riƙa gwaji kuma: naitiret ƙasa da miligiram 10 a lita, fosfet ƙasa da 0.1 ya yi kyau, amma kada su kai sifili, murjani zai koɗe don yunwa. In sun doshi can, rage awannin fitila.

Yaya, ni da turaren wuta da feshin maganin sauro ba ma rabuwa. Akwai matsala?

Akwai, ƙanwata. Matatar na cakuɗa iskar ɗaki da ruwan tanki dare da rana, injin iska ma hura ta yake kai tsaye. Maganin sauro na feshi, da fiya-fiya, da na ƙonawa, kada a yi su a ɗakin tanki sam. In ya zama dole, kashe injin iska da famfon ragar, nutsar da ragar, rufe tankin da leda, a buɗe tagogi iska ta wuce kafin a kunna, kada kuma a bar shi a rufe ya daɗe. Turare bai kai su haɗari ba, amma a kai kaskon wani ɗaki.

Za ta yi aiki a kandamin tarwaɗa?

Tana tsirowa a ruwan daɗi, kuma ga ƙaramin tankin kifin ado tana taimakawa. Tarwaɗa ɗari biyar kuwa, abincin da suke ci a yini sai ragar da ta fi bangon ɗaki. Can canjin ruwa ne maganin.

Abin da aka kankare, me ake yi da shi?

In kore ne mai tsabta kuma kana da kifi mai cin ganye, tsinko ɗan kaɗan ka ba shi. Cike yake da ƙananan halittun ruwa da sauran kifin ma ke rububi. Amma kaɗan, don duk abin da ya koma tanki taki ne ya koma. Saura ka wanke shi ruwa biyu ko uku gishirin ya fita, ka matse, ka shanya, ka zuba a ramin takin gargajiya. Kada a kai shi gindin shuka da gishirinsa, zai ƙona ta. Nawa, bayan wanki, ƙarƙashin zogalen bayan gida yake ƙarewa.